Hamzar Sunan Bara'atu

Mahadi Mamman Bungudu bai taɓa riƙe allura ba, bai taɓa auna jinin kowa ba, in ma ya ga jini kansa juyawa yake. Duk da haka akwai wata mata da ta rasu a hanyar Tsafe a daminar 2022 wadda har yau yake ɗauke da ita a wuyansa. Ni ma ina ɗauke da ita a nawa. Sunana Wasila, ni ce mai rubuta sunayen masu awon ciki a ƙaramin asibitin da ƙungiyarmu take da shi a Tsafe. Tun 2019 na san Mahadi, kuma rabin shekarun nan faɗa muka yi, ko in ce ni na yi, shi yana ba ni haƙuri. Na ga gara in rubuta labarinsa, don shi ko za a shekara ana tambayarsa ba zai faɗa ba.

A Bungudu aka haife shi, a 1991. Mahaifinsa, Baba Mamman, mai gyaran injin ban ruwa ne, duk masu noman rani na bakin gulbi sun san rumfarsa. Tsohon yana da wata hanyar aiki da Mahadi yake yawan ba mu labarinta. In an kawo inji ba ya saurin kwance shi. Sai ya sa a tayar, ya dafa bakin sukundireba a jikinsa, ya ɗora kunne a kan ƙotar, ya rufe ido yana saurare. Babu abin da ke ɓata masa rai kamar manomin da ya ji inji yana wata ƙara, maimakon ya kawo, sai ya ɗaure wurin da roba don ƙarar ta daina damunsa, ya ci gaba da ban ruwa. Irin wannan injin kafin ya iso rumfa ya riga ya cinye kansa, sai dai a sayar wa masu gwangwan.

Mahadi bai gaji gyaran inji ba. Da ya gama sakandare sai ya tafi Gusau, ya sami aiki a wani shagon buga takardu a Sabon Gari, yana buga katin ɗaurin aure da takardun 'yan makaranta. A nan ya lura cewa rabin aikin da yake yi maimaici ne, yau ka buga, gobe ka sake buga irinsa. Wani ɗalibi ya gaya masa ana iya rubuta wa kwamfuta 'yan gajerun umarni ta riƙa yin irin wannan aikin da kanta. Shi ke nan ya sami abin yi. Bai je wata babbar makaranta ba. A waya yake kallon darasi, ya kwafe umarnin da biro a littafin rubutu na 'yan firamare, in mai shago ya fita salla ya gwada a kwamfuta. Shekara huɗu yana wannan, har mutane suka fara ce masa Injiniya, da farko da zolaya, daga baya sunan ya bi shi.

Dogo ne siriri, mai magana a hankali kamar yana tsoron ta fashe. Kwamfutarsa kullum tana cikin wata jaka da matarsa Huseina ta ɗinka masa da ragowar shadda. Na taɓa ganin ɗan kabu-kabu ya take masa ƙafa a bakin tasha, Mahadi ne ya fara cewa a yi haƙuri. Ni irin wannan sanyin yana ba ni haushi, kuma ban taɓa ɓoye masa ba. Yaya Wasila yake ce min, don na girme shi da shekara shida.

Shugabar ƙungiyarmu, Hajiya Lantana, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya ta ƙi zama. Ƙananan asibitoci uku take kula da su, ɗaya a Gusau, ɗaya a Bungudu, ɗaya a Tsafe, amma injin gwada jini guda ɗaya ne, yana Gusau. A da, in mun ɗebi jinin mace sai mu ce ta dawo bayan mako ta ji sakamako. To hanya ta lalace, kowa ya san halin da ƙauyukanmu suka shiga. Ka ce wa mace mai tsohon ciki ta hau babur ta ratso daji sau biyu, ta zo a ce mata lafiyarta lau, ai ba ka kyauta mata ba. Saboda haka Hajiya ta ɗauki Mahadi ya rubuta mana abin da zai riƙa aika saƙo ta waya.

Ya rubuta, muka sa masa suna Ɗan Aike. Ya yi mana bayani cewa sashe uku ne, kowanne da aikinsa. Na farko ya ɗauko sunayen matan da aka ɗebi jininsu, na biyu ya je ya nemo sakamakon kowacce da sunanta, na uku ya aika saƙo ga wadda jininta ya yi ƙasa ko aka ga wani abu. Daga nan muka kafa ƙa'idar da muke gaya wa kowace mace da mijinta: in saƙo ya zo, a taho nan take, in an ji shiru, lafiya ce, a zauna gida sai ranar awo. Ɗan Aike ya yi shekara biyu yana aiki a Gusau da Bungudu ko tuntuɓe bai yi ba. Mu a Tsafe sai a watan Yunin 2022 aka kawo mana tamu kwamfutar, bayan sabis ya ɗan daidaita.

A nan ne nawa laifin yake shigowa. Ni Hausa na karanta a kwalejin ilimi, aikin koyarwa ne ban samu ba na faɗo asibiti. Ina da girman kai a kan rubutu, ba zan musa ba. Abokan aikina na Gusau da Bungudu in za su rubuta Sa'adatu sai su buga Saadatu, Asma'u ta koma Asmau, kamar suna gudun kada yatsa ya gaji. Na sha yi musu dariya a taro. Ni kuwa kowane suna sai na ba shi haƙƙinsa, har da hamza, 'yar alamar nan da ake ratayawa a sama inda murya take ɗan tsayawa a tsakiyar suna.

Mako na farko da fara aiki da Ɗan Aike a Tsafe, sai ya fara tsayawa. Zai ɗauko sunaye yana tafiya, can a tsakiya ya cije, allo ya cika da jan rubutu na Turanci, duk matan da ke bayan wurin da ya tsaya ba a duba su ba. In kashe in kunna, ya sake tsayawa. Kwana uku ana haka. A rana ta ukun mata sun cika baranda tun da safe, ga zafi, ga yara suna kuka, kaina ya ɗau zafi. Na kira Mahadi na yi masa tatas.

Ashe yana tashar mota a Gusau, an kira shi daga Bungudu cewa Baba Mamman ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Bai gaya min ba, sai daga baya na ji. Abin da ya ce kawai shi ne, "Yaya Wasila, karanta min abin da yar rubuta da ja."

Na ce, "Ba karatun Turanci anka ɗauke ni ba. Ka sa wanga abu naka shi rufe baki shi yi aiki."

Kalmomin da na faɗa ke nan, ban ƙara ba ban rage ba, kuma na sha maimaita su a raina fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Mahadi ya ɗauka sabis ɗin Tsafe ne ke yankewa, tunda abin bai taɓa faruwa a sauran wuraren ba. Ya zauna a kan benci yana jiran mota ta cika, ya buɗe kwamfuta a cinyarsa, ya ƙara layi biyu a sashe na biyu. Ma'anarsu ita ce: gwada nemo sakamakon wannan matar, in ya ƙi ko don wane dalili, wuce ta gaba. Bai ce a rubuta sunan wadda aka wuce ba, bai ce a gaya wa kowa ba. Ya turo min ta waya, ya ce na wucin gadi ne, in ya dawo zai duba sosai. Na saka, jan rubutu ya ɓace. Daga ranar kullum Ɗan Aike ya gama sai ya rubuta da kore, An gama lafiya. Har na kira Hajiya na ce yaron nan in an matsa masa yana da kai.

Baba Mamman ya yi mako uku yana jinya ya rasu. Mahadi shi ne babba a gidan, zaman makoki da rabon kayan rumfa da lallashin mahaifiyarsa duk a kansa suka faɗa. Da ya dawo aiki babu wanda ya kawo masa ƙorafi, ni ma da na fi kowa baki na yi shiru, sai layi biyun nan suka fita daga ransa.

Bara'atu ta zo mana a ƙarshen watan Yuli. Daga wani ƙauye take a bayan duwatsun Tsafe, cikinta na uku, wata takwas. 'Yar gajeruwa ce mai fara'a, tana magana tana rufe baki da gefen mayafi. Ungozomarmu ta duba idonta da tafin hannunta ta ga sun yi fari, ta ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, ta ɗebi jini a kai Gusau. Da ta zo teburina ina buga sunanta, sai ta leƙo allo, ta nuna da yatsa.

"Malama, mi na na wanga ɗan abu da kir rataya sama?"

Na ce mata hamza ce, ita ce ke sa sunanta ya fita daidai, in babu ita sai a kira ta Baratu. Ta yi dariya ta ce ita ba ta taɓa ganin sunanta a rubuce ba, ashe har da ɗan kunne gare shi. Na ji daɗi ƙwarai, na ƙara girman rubutun don ta gani da kyau.

Mijinta, Malam Jatau, yana waje riƙe da babur. Manomi ne, mai ƙarancin magana, ya ɗan yi yaƙi da jahilci yana iya haɗa baƙaƙen boko a hankali. Shi ya ba da lambar waya. Ni da bakina na gaya masa ƙa'idarmu, har na sa ya maimaita: in saƙo ya zo su taho ko me suke ciki, in sun ji shiru lafiya ce.

Bayan kwana biyu sakamako ya fito a Gusau. Jininta ya yi ƙasa sosai, irin wanda ake kwantar da mace a ƙara mata kafin haihuwa. Ɗan Aike ya ɗauko sunanta, ya je nemo sakamakon, ya kasa, ya wuce ta gaba. A ƙasan allona ya rubuta An gama lafiya, na kashe kwamfuta na tafi gida.

Kwana goma sha takwas bayan haka naƙuda ta kama ta da hantsi. Ta haihu a gida, mace, sai jini ya ɓalle. Macen da ke da jini a jiki tana iya jure wannan har a kawo ta, ita kuwa ba ta da abin da za ta zubar. Suka ɗora ta a babur tsakanin mijinta da yayarta. Ba su iso kwalta ba ta cika.

Ba mu sani ba sai bayan sadakar bakwai, da Malam Jatau ya zo da katin awonta a cikin leda. Ya ce ita ta riƙa ja masa kunne kada katin ya ɓata, shi ya sa ya ga ya dace ya maido mana. Har godiya ya yi. Ya ce shi dai ya san mun yi iya ƙoƙarinmu, tunda gwaji ya nuna lafiyarta lau, sai dai kwana ya ƙare. Ya ce a garinsu wuri ɗaya ne sabis ke kamawa, wani tudu a bayan makabarta, kuma kullum safe da yamma sai ya hau ya ɗaga waya, har ranar da ta haihu, bai ga komai ba.

Yana fita na buɗe sakamakonta. Na ga lambar jininta ta yi ƙasa ƙwarai. Na kira Mahadi, wannan karon ban ɗaga murya ba, kuma ina jin rashin faɗan ne ya tsorata shi, don kafin azahar ya iso daga Gusau.

Ya zauna a kujerata ya ƙirga. Mata ɗari biyu da goma sha biyu na shigar tun daga Yuni, Ɗan Aike ya duba ɗari biyu da uku. Ya sa kwamfuta ta fito da taran da suka rage, ya ce in karanto masa yana dubawa. Na fara: Sa'adatu, Asma'u, Rabi'atu, Safara'u, Bara'atu. Ban kai ta shida ba na ji muryata tana tsayawa a tsakiyar kowane suna, a wuri ɗaya. Ni na riga shi ganewa. Na sa yatsa a kan allo, daidai inda Bara'atu ta sa nata.

Ya cire layi biyun nan, ya sake tayar da Ɗan Aike, jan rubutun ya dawo. Wannan karon ya karanta. Ya yi min bayani da wata murya da ban san shi da ita ba. Ya ce in sashe na biyu zai nemi suna, yakan sa shi tsakanin alamomi biyu, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe, don kwamfuta ta san inda sunan ya fara da inda ya ƙare. Alamar kuwa siffarta ɗaya da hamza. Saboda haka in ta zo kan Bara'atu, tana ganin hamza sai ta ɗauka suna ya ƙare a Bara, sauran atu ɗin kuma ta ɗauke shi umarni ne da ba ta gane ba. Abin da jan rubutun yake faɗa ke nan tun ranar farko, har da lambar layin da matsalar take. Ya ce da na karanta masa, ko da shi ya dawo ya duba, gyaran bai fi minti biyar ba.

Na yi kuka a gabansa, abin da ban taɓa yi a wurin aiki ba. Shi bai yi ba. Ya ce mu duba sauran takwas ɗin tukuna. Bakwai lafiyarsu lau. Ɗaya, Asma'u, jininta ya yi ƙasa ita ma, kuma ba ta haihu ba. Mahadi bai tsaya aika saƙo ba, ya kira lambar sau shida ba ta shiga, ya fita ya ɗauki ɗan kabu-kabu har ƙauyensu. Washegari aka kai ta Gusau aka ƙara mata jini, ta haihu lafiya bayan mako biyu.

Muka gaya wa Hajiya Lantana. Mace ce mai tausayi, amma tana tsoron in maganar ta fita mata su daina zuwa awo, a yi asarar da ta fi wannan. Ta ce a gyara abin, a rufa wa juna asiri, in wani ya tambaya a ce sabis ne. Ni har ga Allah na ji sanyi da ta faɗi haka. Mahadi, wanda ke ba ɗan kabu-kabu haƙuri in an take shi, ya ce a'a. Ya ce mutumin nan yana can yana gode mana, yana gaya wa mutane gwaji ya ce lafiyarta lau. In muka yi shiru, mun yi masa abin da Ɗan Aike ya yi mana. Ya ce zai je, ko shi kaɗai. Hajiya ta ce Allah ya kiyaye hanya. Ni na kwana biyu ina neman dalilin da zai hana ni binsa, ban samu ba.

Mun sami Malam Jatau a gona yana noman maimai a cikin dawa. Ya shimfiɗa mana buhu a gindin wata ƙirya. Mahadi ya gaya masa komai, bai sa sabis ba, bai sa rasuwar babansa ba, kuma bai ambaci sunana ba. Ni na ambaci kaina, na faɗi abin da na ce a waya. Jatau yana ta kallon fartanyarsa. Can ya ɗago.

"Ashe akwai saƙon?"

Mahadi ya ce akwai.

"Mi yac ce?"

Mahadi ya ciro takarda daga aljihu, ashe ya bugo shi ya zo da shi. Ya karanta: Assalamu alaikum. Jinin Bara'atu ya yi ƙasa ƙwarai. A kawo ta asibiti yau ko gobe, kada a jira ranar awo.

Jatau ya karɓi takardar, ya bi ta da yatsa har ƙarshe, ya ninke ya sa a hularsa. Ya ce, "Da na kawo ta. Wallahi da ko goye na sai na kawo ta." Sannan ya ce abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa, ya sani, amma mu tashi mu tafi, yau ba ya iya kallonmu. Muka tashi. A hanyar fita muka wuce tudun bayan makabarta, har an yi 'yar hanya a jikinsa inda ƙafa ta saba bi.

Wata biyu Mahadi ya yi yana sake gina Ɗan Aike. Hamzar ita ce mafi sauƙi, ya canza yadda ake miƙa wa kwamfuta suna, ta yadda ko me ke cikinsa ba za ta ɗauke shi umarni ba. Abin da ya ci masa lokaci shi ne koya wa kowane sashe yadda zai yi in ya kasa. Ya ce tsayawa cak a bar mata ɗari saboda mace ɗaya kuskure ne, wucewa a yi shiru kuma ya fi shi muni. Yanzu in sabis ne ya yanke, Ɗan Aike yakan jira ya sake gwadawa har sau uku. In lambar waya ce ba ta cika ba, ba ya ɓata lokacin sake gwadawa, sai ya ajiye sunan a gefe ya ci gaba da sauran. In kuwa wani abu ne da bai taɓa gani ba, yakan rubuta shi yadda ya zo, da lokaci da suna, ya tura wa Mahadi a wayarsa. A ƙarshe ya ƙirga nawa suka shiga nawa suka fita, in ba su yi daidai ba ko da mutum ɗaya, ba ya yarda ya nuna kore. Ƙa'idar shirun nan ma Mahadi ya sa aka soke ta. Kowace mace tana samun saƙo, ko da na cewa lafiyarta lau ne, kuma muna gaya musu in kwana uku suka wuce ba su ji komai ba, su neme mu.

Jan Turancin ma ya mayar da shi Hausa, kuma da irin bakinsa. Sai ka ga allo ya rubuta: Malama, a yi haƙuri, ban iya aika wa Halima Sani ba, lambar wayarta ta gaza da ɗaya. Na ci gaba da sauran. Don Allah a neme ta. Abokan aikina na Gusau suka sa masa sabon suna, Sarkin Ƙorafi, suna cewa ya cika mita kamar tsohuwa. Ni da na fi su baki ban taɓa tanka musu ba. Kowane layi ya rubuto sai na karanta shi har ƙarshe.

Mahadi kansa bai koma yadda yake ba. Huseina ta gaya min ya rage cin abinci, kuma ya daina ba da labarin rumfar babansa. An yi masa tayin aiki a Kaduna mai albashi ninki biyu, ya ƙi. Duk ranar Talata sai ya shigo mota ya zo Tsafe, ya ɗauki rajistar takarda ya gwada ta da ta kwamfuta suna bayan suna, duk da ya san Ɗan Aike ya riga ya ƙirga. Na ce masa wannan azabtar da kai ne. Ya ce eh, ya sani, ya ci gaba da ƙirgarsa.

A wata irin wannan Talatar ce, wata tara bayan rasuwar, na ɗaga kai na ga Malam Jatau a bakin ƙofa. Tun ranar gona ba mu sake ganinsa ba. Yayar marigayiyar tana bayansa da goyo, sun kawo yarinyar allurar ƙyanda. Mahadi yana gefe da rajista a cinya, ya miƙe tsaye ya rasa inda zai sa hannunsa. Jatau ya gaishe mu kamar yadda ake gaida kowa, bai ƙara komai a kai ba.

Na buɗe sabon shafi na tambayi sunan yarinya. Ya ce Ummi suke ce mata. Na ce sunan yanka nake so, shi ake rubutawa. Ya kalli ƙasa ya ce sunan uwarta aka mayar mata. Bai iya furta shi ba.

Na buga B, a, r, a, sai yatsana ya tsaya a sama. Na yi niyyar in wuce kawai in rubuta kamar yadda 'yan Gusau suke yi. Mahadi yana bayana yana kallon allon.

Ya ce, "Sa mata abinta, Yaya Wasila."

Na sa. Na ƙarasa sunan, na shigar da lambar wayar da ke kan tsohon katin, na danna. Ɗan Aike ya ɗauka, ya wuce sashe na biyu, ya wuce na uku. Ba a yi minti ɗaya ba wayar da ke aljihun Malam Jatau ta yi ƙara. Ya ciro ta, ya matso da ita kusa da ido, ya bi rubutun da yatsa yana motsa leɓe. Saƙon ya ce: An rubuta sunan Bara'atu Jatau, an yi mata allurar yau. Na ga yatsan ya tsaya a tsakiyar sunan, ya daɗe a wurin.

Ya ce, "Ashe haka shika zuwa."

Mahadi ya ajiye rajistar a kan tebur ya fita ta ƙofar baya. Ban bi shi ba, akwai mata goma sha ɗaya a baranda suna jira. Na share fuskata da gefen mayafi, na kira ta gaba.